Ruwan da Aka Hutar Shi ke Kiran Baƙi

Kelle gari ne na dutse da rairayi. Yana cikin duwatsun Kutus, arewa da Gure, a jihar Damagaram. Mutanensa manoma ne da makiyaya. Gero, wake, raƙuma, awaki da shanu su ne dukiyarsu. Ruwan da suka sani shi ne na rijiya, sai na tabkunan da damina ke cikawa, waɗanda da yawansu ke ƙafewa kafin bazara. Kifin da ke shiga tukunyarsu kuwa yawanci busasshe ne ko banda, wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga nesa.

Saboda haka in an ce za a yi wa mutumin Kelle maganar kamun kifi da nutso da wasan ruwa, yana iya cewa: ina ruwan biri da gada? Amma maganar ta shafe shi. Samarin wannan yanki suna tafiya cin rani har bakin tabkin Cadi, har Nijeriya, har garuruwan bakin teku. Kuma a cikin jihar Damagaram kanta akwai tabkuna masu kifi, waɗanda ake ta kwashewa ba hutu. A wasu ƙasashe irin wannan ruwa ya zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su zo gani. Ya kamata jama'a su san yadda mutanen can suka yi har ruwansu ya kai haka.

Abin da baƙi ke nema a tsibiran teku

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ba a shigarta sai da jirgi. A Afirka akwai tsibirai da suka yi suna wajen karɓar baƙi. Akwai Zanzibar, cikin ƙasar Tanzaniya, a Tekun Indiya. Akwai kuma ɗan ƙaramin tsibirin Ngor, wanda ke gaban birnin Dakar a ƙasar Senegal. Daga bakin gaɓa kwale-kwale ke kai mutum can cikin ƴan mintoci. Lokacin da ake hunturu a Damagaram, a ƙasashen Turai ƙanƙara ce ke zuba. Sai masu hali su gudo zuwa waɗannan wurare masu ɗumi. Abu uku ne suka fi nema.

Na farko kamun kifi. Baƙo yana hayar jirgi tare da mai shi, su fita da asuba su shiga cikin teku. Da ƙugiya da zare mai ƙarfi yake kamu. In ya kama babban kifi, sau da yawa sai ya ɗauki hoto ya sake shi ya koma ruwa. Mai jirgi kuwa an biya shi kuɗin yininsa, ko an kama ko ba a kama ba.

Na biyu nutso. Mai nutso yana ɗaura madubi a fuskarsa, ya sa faffaɗan takalmin roba irin ƙafar agwagwa, ya goya kwalbar ƙarfe cike da iska wadda yake shaƙa ta cikin tiyo. Da haka yana iya yin fiye da rabin awa a ƙarƙashin ruwa. Wannan sana'a tana da dokoki. Sabon shiga ba ya wuce zurfin mita 18, ba ya nutsewa shi kaɗai, kuma ba ya tasowa da gaggawa, domin tasowa da sauri daga ruwa mai zurfi tana iya nakasa mutum ko ta kashe shi. Masu nutson nan ba sa ɗaukar kome. Kallo kawai suke yi: kifaye masu launi iri-iri, kunkuran ruwa da duwatsun murjani.

Na uku hawan igiyar ruwa. Teku ba kwance take kamar tabki ba. Tana turo igiyar ruwa zuwa gaɓa, wani lokaci tsawonta ya fi na mutum. Mai wasan yana da wani allo marar nauyi, tsawon mutum ko ya fi. Yana kwanciya a kansa ya yi tuƙi da hannu, in igiya ta ɗago shi sai ya miƙe tsaye, ta tafi da shi kamar mahayi bisa doki. Tun shekarun 1960 aka san tsibirin Ngor da wannan wasa, bayan wani fim na Amurka ya nuna shi. Yau ƴaƴan masuntan Lebu na wurin suna koya wa baƙi. A shekarar 2021 wasan ya shiga gasar Olimfik ta Tokiyo.

Baƙin nan ba kaɗan ba ne. A shekarar 2019 fiye da mutum rabin miliyan suka shiga Zanzibar yawon buɗe ido. Mai jirgi ya samu, mai abinci ya samu, mai ɗakin haya da mai mota da mai sayar da tabarma duk sun samu. Gaskiya ne ba duka kuɗin ke zama hannun ƴan gari ba. Manyan otel-otel da yawa na mutanen waje ne, kuma akwai inda gine-ginensu suka tare wa masunta bakin ruwa. Wannan ma darasi ne: garin da bai tsara abinsa da kansa ba, wani zai tsara masa.

Baƙo ba ya zuwa kallon ruwan da ba kifi

Mutanen tsibirai sun gane cewa duk wannan ciniki kifi ne tushensa. A gaɓar Tanzaniya an daɗe ana fama da masu jefa nakiya cikin teku. Nakiya tana kashe babba da ƙarami, ta farfasa murjanin da kifi ke haihuwa a cikinsa. Inda aka yi haka, masunci ya rasa, baƙo ma ya daina zuwa.

Sai aka soma rufe wasu wurare. A shekarar 1994 aka hana kamun kifi a gefen wani ƙaramin tsibiri mai suna Cumbe, kusa da birnin Zanzibar. Tsofaffin masunta aka koya wa aikin gadin wurin. Kifi ya hayayyafa a ciki, ana zuwa kallonsa, kuma kuɗin baƙi ke biyan masu gadi.

A tsibirin Madagaska kuwa, masuntan wani ƙauye mai suna Andabadowaka suna rayuwa ne da kamun wata halittar teku mai hannu takwas. Da suka ga tana raguwa, a shekarar 2004 suka yarda a tsakaninsu suka rufe wani yanki na ruwansu har wata bakwai. Ran da aka buɗe, abin da aka kama ya fi na da yawa da girma. Ƙauyukan maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Daga baya dabarar ta kai wasu ƙasashen bakin Tekun Indiya.

To, wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin waɗancan su fara, Kabawa suna yin ta a Argungu.

Bikin su na Argungu

Argungu tana cikin jihar Kabi a Nijeriya, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Mai tasowa daga Kelle zai bi Gure, Damagaram, Maraɗi, Birnin Ƙonni, ya ƙetare iyaka ta Illela, ya shiga Sakkwato, sannan ya isa. Tafiya ce mai nisa, amma ana jin Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Kabawa zuriyar daular Muhammadu Kanta ne, kuma tun asali mutanen ruwa ne. Bayan jihadin 1804 an yi shekaru da yawa ana gaba tsakaninsu da Sakkwato. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya ga babu karramawar da ta fi ya nuna wa baƙonsa abin da Kabawa suka fi iyawa. Sai ya sa aka yi babban su a gabansa. Daga nan bikin ya samo asali. A shekarar 1970 shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, sunan bikin ya ƙara nisa. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Ana yin bikin da rani, wajen watan Fabrairu ko Maris, kwana huɗu ko makamancin haka. Ana baje amfanin gona, ana kokawa da dambe. Akwai kuma wasannin ruwa da ake kira kabanci: tseren kwale-kwale, tseren iyo, iyo da tulu a ka, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, da gasar nutso don a ga wanda ya fi daɗewa a ƙasa. Mai nutson Kabi ba shi da madubi, ba shi da kwalbar iska, numfashinsa kaɗai ke gare shi.

Ranar ƙarshe ita ce ta babban su, a wani yanki na gulbi da ake kira Matan Fada. Dubban masunta ke jeruwa nesa da gaɓa, har da waɗanda suka zo daga Nijar. Kowa na riƙe da komarsa ta hannu da babban gora. Goran nan yana yi masa aiki biyu: yana hawa kansa ya yi iyo, kuma a cikinsa yake zuba ƙananan kifi. Da an harba bindiga sai su ruga gaba ɗaya su faɗa ruwa, makaɗa na bin su cikin kwale-kwale. Kimanin awa ɗaya ake ba su. Wanda ya yi sa'ar babban kifi sai a taya shi jawowa a kai ma'auni gaban sarki da manyan baƙi. Yawanci giwan ruwa ne ke cin gasa. A shekarar 2005 kifin da ya zo na ɗaya kilo 75 ne. A shekarar 2020 kuma wani masunci daga Augie ya kama mai kilo 78, wato ya fi buhun siminti ɗaya da rabi nauyi. An ba shi kuɗi da mota da kujerar hajji.

Bikin ya taɓa tsayawa. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi ba, saboda rashin kwanciyar hankali da ƙarancin ruwa a gulbi, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. A waɗannan shekaru masu masauki, masu abinci da ƴan kasuwar Argungu sun san abin da suka rasa.

Sirrin Matan Fada

Mai kallo yana ganin awa ɗaya ce. Amma aikin na shekara ne. Ba a kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki. Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsaron wurin, kuma ba mai jefa koma sai da izininsu. Kifi mai kilo 78 ba a damina ɗaya yake girma ba. Shekaru yake yi yana ci yana ƙiba, don an bar shi.

Manomi da makiyayi ba sa bukatar dogon bayani a nan. Manomi ba ya cinye irinsa. In gona ta gaji yana barin ta saura ta huta. Makiyayi ba ya yanka tunkiya mai ciki. Kifi ma haka yake. Tarwaɗa tana zuba ƙwai da damina, lokacin da ruwa ya malala cikin ciyawa. Karfasa kuwa akwai irin da uwar ke riƙe ƙwanta da ƴaƴanta a baki har su yi ƙwari, kuma cikin wata biyar ko shida ƴaƴan sun isa haihuwa. Wanda ya kama uwa a wannan lokaci ya kashe ɗaruruwa. Gaiwa ma, wadda ke shiga cikin laka ta kwanta in tabki ya ƙafe har ruwa ya dawo, in an haƙe ta duka da rani, tabkin ya rasa iri.

Tabkunan Damagaram

Nijar ba ta da teku, kuma ba wanda zai hau igiyar ruwa a Kutus. Amma tana da ruwa mai kifi. Bayan kogin Kwara da Komadugu da tabkin Cadi, akwai tabkin Madarunfa a jihar Maraɗi, da na Tabalak a jihar Tawa. A jihar Damagaram akwai tabkin Gidimuni, bisa babbar hanya tsakanin Gure da birnin Damagaram, akwai kuma na Lasuri a kudu. An sa Lasuri cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, wanda ake kira yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2005. Gidimuni da Madarunfa sun shiga a 2019. Tsuntsaye daga ƙasashe masu nisa suna sauka a waɗannan tabkuna da hunturu. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Gure zuwa Damagaram ya ga koren lambuna da dabinon Gidimuni.

Ma'aikatan gandun daji da ruwa sun sha zuba ƴaƴan karfasa da tarwaɗa a tabkuna daban-daban na ƙasa. Tabkin da ke riƙe ruwa wata shida ko fiye yana iya ba da kifi. Amma abubuwa da yawa na cin tabkunan. Rairayi yana gangarowa ya cike su, musamman inda aka sare itatuwan gefe. Ciyawar kacalla tana mamaye ruwa har jirgi ya kasa wucewa. Fari yana rage su. Tsofaffi sun san cewa a farkon shekarun 1960 tabkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, garin Ngigmi yana bakin ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwan ya ja baya da nisa.

Fari daga Allah ne. Amma akwai ɓarnar da hannun mutum ke yi. Wasu na su da sange, wanda likita ta raba don tsare yara daga sauro. Sange ba ya barin kome, har ƴaƴan kifi masu tsawon farce. An yi hasara biyu ke nan: tabki ya rasa iri, yaro ya kwana cikin sauro. Wasu kuma na zuba guba ko maganin ƙwari a ruwan da dabbobi ke sha. Dokar kamun kifi da Nijar ta kafa a shekarar 1998 ta hana su da guba da nakiya, ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, ta kuma ce mai sana'ar kamun kifi ya mallaki takardar izini. Amma ma'aikaci ɗaya ba ya iya kwana a bakin kowane tabki. Mutanen gari su ne masu gadi na gaskiya.

Abin da gari zai iya yi

Na ɗaya, a zauna. Mai gari, limami, masunta, masu lambu, makiyaya da mata masu suyar kifi, kowa a ji ta bakinsa, don tabki na kowa ne. Kada rufe su ya zama hana dabbobi shan ruwa.

Na biyu, a yanke watannin rufewa, tun daga faɗuwar damina har bayan kaka. In tabki babba ne, a keɓe wani gefe kamar Matan Fada, wanda ba a taɓawa sai rana ɗaya a shekara. A sanar da magajin gari da ma'aikatan gandun daji da ruwa, don yarjejeniyar ta sami ƙarfi.

Na uku, a naɗa masu tsaro, a faɗi tarar wanda ya karya doka a gaban kowa, kuma ta hau kan ɗan mai gari kamar yadda za ta hau kan ɗan talaka.

Na huɗu, a yi gayyar cire kacalla, a kafa shingen tare rairayi, a dasa itatuwa a gefen ruwa.

Na biyar, ranar buɗewa a yi ta da shela. A gayyaci ƙauyukan maƙwabta, a kawo ma'auni, a auna abin da aka kama a rubuta, don a gwada da na baɗi. A ware wani kaso na kuɗin a ajiye don sayen ƴaƴan kifi da gyaran tabki. Baƙin farko ba daga Turai za su zo ba. Daga Gure, Gidigir, Mirya da Damagaram za su zo, kuma su ma suna sayen abinci da goro, suna biyan kuɗin mota.

Akwai kashedi biyu. Yaran ƙasar tudu ba su iya iyo ba, kuma da damina tabkuna da ramukan ginar ƙasa suna cin yara. Kabawa suna koya wa ƴaƴansu ruwa tun suna ƙanana, a gaban manya. Inda babu gwani, kada a yi gasar nutso, kada kuma a bar yaro ya shiga ruwa shi kaɗai. Na biyu, ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta shiga jikin mai wanka. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, akwai maganinta.

Mutanen Kelle sun riga sun san amfanin tsare abin da ke ƙarewa. Bayan farauta ta ƙarar da jimina a dajin Nijar, a Kelle aka kafa wurin kiwonta, inda ƙungiyar mutanen Kutus ta yi aiki tare da ƙungiyar Sahara Conservation don irin ya tsira. Saboda wannan tsuntsuwa sunan Kelle ya kai wuraren da bai taɓa kaiwa ba. Haƙurin da aka yi da ƙwan jimina shi ake nema a yi da ƙwan kifi.

Saboda haka samarin da ke tafiya cin rani bakin ruwa su buɗe ido su koyo, su dawo gida da abin da suka gani. Masu tabki kuma kada su jira sai koma ta fito wayam kafin su zauna shawara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika tabkuna, ya tsare yara da dabbobi. Amin.